Ciwon ƙoda ba ya sallama, a riƙa gwada fitsari tun ana jin garau

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili, in wasiƙar ta yi tsawo a yi haƙuri da ni, maganar ce ta daɗe tana ci na a rai har na ga in na yi shiru kamar na ci amanar mutane ne. A kan ciwon ƙoda ne. Wankin ƙoda da dashe kam kowa ya san su, kullum ka buɗe waya sai ka ci karo da hoton wani bawan Allah a kwance an jona masa robobi ana nema masa taimako, to ni shekarun da suka wuce kafin a kai ga wannan gadon su ne damuwata, shekara biyar, goma, wani ma har sha biyar, mutum yana yawonsa garau yana zuwa aiki yana cin abincinsa alhali ƙodarsa tana lalacewa a hankali, kuma babu wanda ya taɓa ce masa kawo fitsarinka mu duba.

Ni ba likita ba ne, jinya ce ta koya mini abin da zan faɗa. Yayana wanda nake bi wa ya yi shekara tara da hawan jini. Kuma fa yana zuwa asibiti, a ɗaura masa abin awo a hannu, a rubuta masa magani, ya sha na wata ɗaya ko biyu, da ya ji kansa ya daina sarawa sai ya ajiye, sai kuma ranar da abin ya motsa. Aikinsa na tsayuwa ne, saboda haka ciwon baya da na gwiwa ba sa rabuwa da shi, maganin kashe zafin nan diclofenac kuwa ya zame masa kamar abinci, safe da dare, shekara da shekaru. Daga baya ne matarsa take gaya mana ta fi shekara biyu tana lura in ya shiga bayi ya fito sai ta tarar da kumfa ta taru kamar an kaɗa sabulu, ko an kora ruwa ba ta saurin bajewa, kuma da dare yana tashi fitsari sau uku sau huɗu, amma wa zai kawo wa ransa cewa kumfa ciwo ce? Sai da ya fara amai da safe, abinci ya fita masa a rai, ga shaƙuwa da ba ta tsayawa, ƙafafu suka kumbura takalmi ya daina shiga, aka yi ta maganin zazzaɓi har zagaye biyu babu sauƙi, sannan wata likita Allah ya saka mata da alheri ta ce a ɗebi jininsa a duba ƙoda. Da sakamako ya fito aikin ƙodar saura kashi 8 cikin 100. Ta ɗago ta kalle mu ta ce, duk shekarun nan da yake da hawan jini ba a taɓa gwada masa fitsari ba? Muka yi tsit, don wallahi ba mu ma san ana yi ba.

Yanzu sau uku a sati nake raka shi wankin ƙoda, kowane zama awa huɗu, kuma a wannan zaman ne na yi karatuna, ina tambayar nas-nas, ina tambayar likitoci in sun samu sarari, ina hira da sauran masu jinya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusan duk wanda ka tambaya a ɗakin nan amsarsa ɗaya ce, ni fa ban taɓa jin komai ba, kawai dai rana ɗaya aka ce ƙodata ta tsaya. Alhali ba rana ɗaya ba ce.

Ga yadda aka yi mini bayani. Ƙoda biyu ce a jikin mutum, kowacce ba ta wuce dunƙulen hannunka ba, suna ta baya a ƙasan haƙarƙari, kuma cikin kowace ɗaya akwai 'yan mitsi-mitsin matatai kusan miliyan ɗaya da ake ce wa nefron. A kwana guda ruwan jinin da suke tacewa ya kai wajen lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu tare da dattin, shi ne fitsari. Kuma aikinsu bai tsaya nan ba, su ke daidaita gishiri da ruwan jiki, suna da hannu a hawa da saukar jini, su ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, har ƙarfin ƙashi da sa hannunsu. To in wasu matatan suka mutu sai ragowar su ɗauke musu aiki su ƙara himma, jiki bai ma san an yi ba, shi ya sa mutum zai iya ba ɗan'uwansa ƙoda ɗaya ya ci gaba da rayuwarsa lafiya lau. Rahama ce babba, amma kuma ita ce take rufa wa cutar asiri, don waɗanda suka ragen aiki yana yi musu yawa, su ma su riƙa gajiya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya mutu ya tafi kenan ba ya dawowa. Mutum sai ya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa bai ji ko ɗar ba. Kisan mummuƙe kenan.

A nan ne ma nake so in gyara wata fahimta da ni kaina na daɗe da ita. Da mutum ya ji bayansa ko kwiɓinsa na ciwo sai ya dafa wajen ya ce ƙodata ce, in kuma bayansa lafiya lau sai ya ɗauka ƙodarsa ma lafiya lau. Tsakuwar ƙoda tana ciwo sosai, haka in ƙwayoyin cuta suka hau har ƙoda za a ji ciwo da zazzaɓi, amma wannan mai cin ƙoda a hankali ɗin, wanda suga da hawan jini ke kawowa, yawanci ba ya ciwo ko kaɗan. Yawancin ciwon baya ma na tsoka ne da ƙashin baya, sai mutum ya yi ta ɗirka wa kansa maganin kashe zafi saboda bayan, maganin kuma yana can yana illata ƙodar da ba ta ce uffan ba.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. Ƙungiyoyin likitocin ƙoda na duniya sun ƙiyasta mutum wajen miliyan 850 ne ke da wata matsalar ƙoda, a taƙaice dai kamar mutum ɗaya cikin goma. A Amurka, ƙasar da ba a rasa asibiti da na'urori ba, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta ce kusan ɗaya cikin manya bakwai yana da ciwon, kuma tara cikin goma na masu shi ba su san suna da shi ba. Tara cikin goma fa Malam Edita. Masu bincike sun yi hasashen nan da shekarar 2040 zai zama na biyar a jerin cututtukan da suka fi katse wa mutane rayuwa da wuri, shi ya sa a watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kan lafiyar ƙoda. Akwai ma Ranar Ƙoda ta Duniya da ake yi duk Alhamis ta biyu a watan Maris tun 2006, amma gaskiya rana ɗaya a shekara ba ta isa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gano shi da wuri ba wani abu mai wahala ba ne, gwaji biyu ne kacal, ɗaya na fitsari ɗaya na jini, sai awon hawan jini ya zama na uku. Na fitsarin ma tsohon ilimi ne. Tun a 1827 wani likita a Landan mai suna Richard Bright ya lura cewa marasa lafiyan da jikinsu ya kumbura in aka zuba fitsarinsu a cokali aka ɗora a kan wutar kyandir sai ya daskare kamar farin ƙwai, kuma ya danganta hakan da lalacewar ƙoda. Yau kusan shekara 200 kenan. Abin da ke daskarewar wani furotin ne na cikin jini mai suna albumin, wanda lafiyayyar ƙoda ba ta bari ya wuce, kamar dai rariya ce, in tana da kyau gari ne kawai ke sauka tsaki ya tsaya a sama, in ta fara yagewa sai ka ga tsaki a cikin gari. Albumin a fitsari shi ne tsakin, kuma sau da yawa shi ke fara bayyana, musamman ga masu suga, shekaru kafin gwajin jini ya nuna wani abu.

Sunan gwajin ACR, don Allah a riƙe waɗannan haruffa uku. An fi son fitsarin farko na safe, amma in bai samu ba na kowane lokaci ma ana karɓa. In sakamako ya nuna ƙasa da 30 to madalla, daga 30 zuwa 300 rariya ta fara yoyo kuma nan ne daidai lokacin da ake so a kama abin, sama da 300 kuwa yoyon ya yi yawa. Wasu ɗakunan gwajin da wani ma'auni suke rubutawa, a wajensu 3 ne a madadin 30, 30 kuma a madadin 300, saboda haka a tambaya kar a ruɗe. Akwai kuma ɗan tsinken nan da ake tsomawa a fitsari ya canza kala, yana da amfani ƙwarai kuma ya fi babu nesa ba kusa ba, yana nuna furotin da jini da suga, sai dai in albumin ɗin ɗan kaɗan ne yana iya wuce shi bai gani ba, saboda haka mai suga ko hawan jini in da hali ya nemi ACR ɗin kansa.

Na jinin kuma kiriyatinin ake aunawa, wani datti ne da tsokar jiki ke fitarwa kullum ƙoda tana kwashe shi, in ta gaza sai ya taru. Amma lambar kiriyatinin ita kaɗai tana yaudara, don ta danganta da yawan tsokar mutum, tsohuwa siririya za ta iya samun lamba da ke cikin layin lafiya a takarda alhali rabin aikin ƙodarta ya tafi, ƙato mai ɗaga ƙarfe kuma tasa ta ɗan hau alhali lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ake haɗa lambar da shekarun mutum da jinsinsa a fitar da abin da ake kira eGFR, wanda za ka iya ɗaukarsa kamar makin ƙoda. Daga 90 zuwa sama mataki na ɗaya, 60 zuwa 89 na biyu, 30 zuwa 59 na uku, 15 zuwa 29 na huɗu, ƙasa da 15 shi ne na biyar inda ake fara maganar wanki ko dashe. Matakin ɗaya da na biyu ba a kiran su ciwo sai in akwai wata shaida a gefe, kamar albumin ko jini a fitsari ko wani abu da hoto ya nuna, don dattijo ya samu 75 ba tare da komai a fitsari ba wannan ba abin tashin hankali ba ne, shekaru ma suna rage makin a hankali. In takardarka ba a rubuta eGFR ba ka ce wa likita ya lissafa maka, minti ɗaya bai kai ba a waya. In kuma ana shakkar kiriyatinin ɗin akwai wani gwajin mai suna sistatin C wanda bai damu da yawan tsoka ba.

Wani abu kuma da ya kamata a sani don kar a tsorata mutane a banza, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi, ciwon mafitsara, motsa jiki mai tsanani, jinin al'ada, suga da ya hau sosai a ranar, duk suna iya sa albumin ya fito na ɗan lokaci, haka gudawa da amai da ƙarancin ruwa a jiki suna iya sa kiriyatinin ya hau ya dawo. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce sai matsalar ta wuce wata uku tana nan sannan a ce ciwon ƙoda ne mai daɗewa. Saboda haka in an ce ka dawo a sake to ka dawo ɗin, na ga mutane da yawa a nan suke ɓacewa, an ga ɗan furotin an ce su dawo bayan wata uku, sai bayan shekara shida aka sake ganinsu an kawo su ranga-ranga.

To su wa ya kamata su je? Na farko duk mai ciwon suga da duk mai hawan jini, waɗannan biyun su ne manyan masu kashe ƙoda a duniya, kuma su duk shekara ne, ko suna jin daɗin jikinsu ko ba sa ji. Mai suga irin na manya tun ranar da aka gano sugan ya kamata a duba ƙodarsa, don sau da yawa sugan ya daɗe a jiki kafin a gane, mai irin na yara wanda ke kan allurar insulin kuma ana farawa ne bayan shekara biyar da kamuwa. Sai mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai ƙiba sosai, da mai shan taba, da wanda ya haura shekara 60. Sai mai sikila, da mai ɗauke da HIV, da mai ciwon hanta nau'in B ko C. Sai macen da jininta ya taɓa hawa da ciki ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, wannan ana yawan mantawa da su, da an sauka lafiya shikenan an rufe babin, alhali haɗarin yana bin ta har gaba. Sai wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa na ɗan lokaci saboda wata rashin lafiya mai tsanani ko zubar jini ta dawo, da mai yawan tsakuwar ƙoda, da dattijon da fitsari ke masa gardama saboda kumburin furostet, wato ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar maza, don fitsarin da bai samu hanya ba baya yake komawa ya danne ƙoda.

Sai kuma gado, wanda shi ne ya shafe ni. In a gidanku an taɓa samun mai ciwon ƙoda to kai ma ka je. Akwai nau'in da ƙoda ke cika da ƙulle-ƙullen ruwa, wanda in uwa ko uba na da shi kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka, hoton sikanin yana nuna shi. Kuma a 2010 masu bincike sun gano wasu sauye-sauye a wata ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda aka fi samu a jikin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa amma kuma suna ƙara haɗarin lalacewar ƙoda, musamman ga wanda ya gada ta wajen uwa da uba duka. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake ganin matasa 'yan shekara talatin da arba'in a ɗakin wanki, ba tsofaffi kaɗai ba.

Maganar abin da muke zuba wa cikinmu kuwa sai an yi da gaske. Ibuprofen da diclofenac da danginsu suna rage jinin da ke shiga ƙoda, a sha na kwana biyu uku ga mai lafiya ba laifi, amma a mayar da su na kullum, ko mai hawan jini ko suga ya riƙa sha, ko a sha ana cikin gudawa da amai, wannan ganganci ne. Haka haɗe-haɗen itatuwa da ba a san abin da ke ciki ba, kuma kar a ce wai ai daga tsiro ne ba ya illa, a farkon shekarun 1990 a ƙasar Beljiyam mata da dama ƙodarsu ta lalace, wasu har sai da aka kai ga wanki da dashe, saboda wani maganin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro mai guba a ciki. Man bilicin da ake sa wa sinadarin makuri shi ma an tabbatar yana sa ƙoda yoyon furotin. Masu aikin ƙarfi a cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwa ba su ma su kula, a ƙasashen Nikaragwa da El Salbado an ga yadda ciwon ƙoda ya yi ta kwashe matasa masu saran rake waɗanda ba su da suga ba su da hawan jini, kuma zafi da ƙishirwa na cikin abubuwan da aka fi zargi.

Alamomi fa? Zan faɗe su amma da sharaɗin kar a zauna jiran su. Kumfa a fitsari wadda ba ta bajewa, fitsari ya koma ja ko kalar ruwan shayi, yawan tashi fitsari da dare, kumburin fatar ido da safe, sawun safa ya kwanta a ƙafa ko ka danna ƙauri yatsa ya lotsa, jinin da ya ƙi sauka duk da ana shan magani biyu uku, hawan jini ga matashi, ƙarancin jini da aka rasa dalilinsa. In aka kai ga kasala mai tsanani, ƙaiƙayin jiki, ɗacin baki, tashin zuciya, shaƙuwa, ɗaurewar tsoka da dare da numfashi sama-sama, to yawanci an yi nisa. Kuma yawan fitsari ba shaidar lafiya ba ce, yayana har ranar da aka kwantar da shi yana fitsari sosai, ruwan yana fita dattin ne ba ya fita.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha gaya mini, wai in dai ba ya warkewa mene ne amfanin sani, gara mutum ya zauna da kwanciyar hankalinsa. Na fahimci tsoron, ni ma sai da na yi sati uku da takardar gwaji a aljihu na kasa zuwa. Amma wannan maganar ta tsufa. Gaskiya ne abin da ya mutu ba ya dawowa, sai dai ana iya taka wa cutar birki sosai, kuma mafi yawan waɗanda aka gano da wuri ba sa taɓa kai wa ga wanki har ƙarshen rayuwarsu. Akwai magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan da ke rage matsi a cikin matatan su rage yoyon furotin, an daɗe ana amfani da su. Sannan ga sababbi da aka fara yi don suga aka gano suna kare ƙoda har ga wanda ba shi da suga, a wani babban gwaji da aka fitar a 2020 dapagliflozin ya rage haɗarin taɓarɓarewar ƙoda ko mutuwa ta dalilin ƙoda da zuciya da kashi 39 cikin 100, a 2022 kuma empagliflozin ya nuna ragin kashi 28. Ba ina cewa kowa ya je ya saya ba ne, likita ne zai duba ya ga wanda ya dace, mai ciki ma sam ba ta shan su lisinopril da losartan, kuma in an fara ana sake duba jini bayan 'yan makonni. Abin nufi dai akwai abin yi, kuma yana aiki ne in akwai sauran ƙodar da za a kare, wanda aka kawo da kashi 8 irin yayana me ya rage a cece? Ga kuma zuciya, mutane ba su san cewa mai ciwon ƙoda ya fi fuskantar haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki ba, da yawa ma wannan ke ɗauke su tun kafin ƙodar ta ƙarasa, saboda haka sanin da wuri zuciyar ma yake karewa.

Akwai wata jita-jita da ta yi wa mutane illa ba kaɗan ba, wai yawan shan maganin hawan jini ko na suga shi ke kashe ƙoda. Na ji ta a bakin masu ilimi ma. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya daɗe da cutar ba ya shan magani yadda ya kamata, ƙoda ta lalace, sai a ɗora wa maganin laifi. Hawan jinin da aka bari da sugan da aka bari su ne ɓarayin. Maganin sugan nan metformin ma da ake yawan zargi ba ya lalata ƙoda, ana rage shi ne ko a tsayar in makin ƙoda ya sauka saboda kar ya taru a jiki. Haka masu cewa a yi ta ɗura ruwa ko a sha wani haɗi wai yana wanke ƙoda, ruwa daidai ƙishi yana da kyau, amma ba ya ɗinke rariyar da ta yage, wanda ƙodarsa ta yi nisa ma ƙayyade masa ruwan ake yi. Abin da aka tabbatar yana taimako shi ne rage gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya wuce giram 5 a rana wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano, sai barin taba, rage ƙiba, tafiyar ƙafa, da riƙe jini a ƙasa da 130 bisa 80 in likita bai ce wani abu daban ba.

Likitar nan da ta gano ciwon yayana ita ce ta ce duk 'yan ɗakinmu mu je a duba mu, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Mu shida ne, huɗu muka je, biyu har yau ina fama da su. Ni da nake ganin ƙalau nake, ban taɓa kwana a asibiti ba, aka auna jinina ya kai 150 bisa 95, makin ƙodata 88 wanda ba laifi, amma ACR ya nuna 85. Aka ce in dawo bayan wata uku, na dawo, yana nan. Ranar ban yi barci ba. Aka ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum da safe, na rage gishiri, na rabu da maganin kashe zafi sai parasitamol in ta kama, yau shekara biyu kenan jinina ya daidaita, albumin ɗin ya sauka ƙasa da 30, makin ƙodar bai motsa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya da wanda nake rakawa wanki, cuta iri ɗaya, abin da ya raba mu ɗan kofin fitsari ne da aka karɓa a wajena shi ba a taɓa karɓa a wajensa ba. In na zauna kusa da shi injin yana juyawa wannan tunanin ba ya barina.

Shi ya sa nake roƙon ma'aikatan lafiya, na san aiki ya yi muku yawa kuma layi yana da tsawo, amma don Allah duk mai hawan jini ko suga da ya zauna a gabanku a tambaye shi yaushe rabon da a duba fitsarinsa, in an ga wani abu a faɗa masa da harshen da zai gane, a rubuta masa lambar a katinsa ya san ta kamar yadda ya san lambar wayarsa, don kalmar ba komai ko da ɗan matsala kaɗan ba ta sa mutum ya dawo. Masu sayar da magani su ma in mutum ya zo sayen diclofenac karo na uku a wata ɗaya a tambaye shi ko yana da hawan jini.

Kai kuma Malam Edita ga roƙona gare ka. A shafinku na lafiya a ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata, a rubuta da manyan baƙaƙe: mai suga, mai hawan jini, da wanda aka taɓa ciwon ƙoda a gidansu, ka nemi gwajin ACR na fitsari da eGFR na jini sau ɗaya a shekara. A yi shi yadda mutum zai iya ɗaukar hotonsa a waya ya nuna a asibiti, don da yawa suna so su tambaya sunan gwajin ne ba su sani ba. In da hali kuma a gayyato likitan ƙoda ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu, ni ma ina da nawa da zan aiko. Ina kuma roƙon masu karatu su sa yayana da sauran masu jinya a addu'a, gobe ma da sassafe muna da zama a kan injin.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum